Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sayen Ƙaramin Banso Don Yankan Ƙotar Wuƙa

Gab da babbar salla, lokacin da mahauta da magidanta ke rububin wuƙaƙe, maƙeri a Aboabo ko Sabon Zango a Kumasi yakan ga ƙota ce ke cinye masa yini. Tsaga guntun katako gida biyu da zarton hannu, kowane ɓari ya fito daidai da ɗan'uwansa, aiki ne mai cin rai. Shi ya sa da kuɗi sun ɗan taru sai hankali ya koma kan ƙaramin banso, injin nan da ruwan zartonsa ke zagaya ƙafafu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Sai dai galibi da ido ake sayensa: fenti, girma, da lambar wat da aka manna a jiki. Alhali kuwa ruwan ne ke yanka, kuma a kansa yawancin nadama take faruwa.

Sayen inji kafin a san inda za a samu ruwansa

Ruwan banso abin ƙarewa ne, yana dakushewa, yana tsinkewa, kuma kowane inji da tsawon da yake ɗauka. Ƙananan nan na inci 9 yawanci suna ɗaukar mai tsawon inci 59 da rabi, wato milimita 1,511, ko inci 62, milimita 1,575. Na inci 10 da yawa suna ɗaukar inci 70 da rabi. Na inci 14 kuwa inci 93 da rabi ne. Bambancin inci biyu kacal ya isa ya sa ruwa ya ƙi shiga, ko ya shiga ya ƙi ɗaurewa, domin sukurun ɗaurin ba ya tafiya da nisa.

Karanta farantin da ke jikin injin tun kana gaban mai sayarwa. Idan ya goge, ka kawo ƙafar sama tsakiyar hawa da saukarta, ka zagaya igiya a kan ƙafafun biyu, ka yi alama, ka auna. Da wannan lamba za ka shiga kasuwar katako ta Sokoban ko Magazin na Suame, unguwar makanikai, ka tambayi masu gyaran zarto ko za su iya yanko maka daga naɗi su haɗa da walda. Ka faɗi faɗin da kake so a fili, milimita 6 zuwa 10, domin manyan injunan tsaga katako faffaɗan ruwa suke ci, kada a ɗauka irinsa kake nema.

Akwai kuma kauri, wanda kusan kowa ke mantawa. Ƙaramar ƙafa tana lanƙwasa ruwa sosai a kowane zagaye. Ruwa mai kaurin milimita 0.65 lafiya lau yake a kan injin inci 14, amma a kan na inci 9 sai ya fara tsagewa daga gindin haƙora, ba da jimawa ba ya tsinke ko da bai dakushe ba. Ƙaramin inji yana son mai kaurin 0.35 zuwa 0.5. Wurin waldar ma ka shafa da yatsa. Idan da tudu, ko bayan ruwan bai miƙe ba a wurin, za ka riƙa jin tak, tak duk zagaye, kuma zai bar zane a fuskar katako.

In ba ka samo ruwa biyu na ajiya ba, ka dakata da sayen injin.

Ɗaukar inci 9 a matsayin kaurin da zai yanka

Wannan lamba tazarar da ke tsakanin ruwa da ginshiƙin injin take nunawa. Kaurin da zai shiga ƙarƙashinsa daban ne: na inci 9 yakan tsaya a milimita 80 zuwa 90. Guntun ƙota kuwa wajen milimita 125 ne a tsawo, 40 a faɗi, 25 zuwa 30 a kauri, kuma idan za a tsaga shi a tsaye ake kafa shi, ruwa ya ratsa milimita 40. Ke nan wuri ya isa. Abin da ke gazawa shi ne ƙarfi da tsayuwar jiki. Moto mai wat 250 zuwa 350 zai tsaga odum, wato itacen loko, ko kanya mai wannan kauri idan ka bi shi a hankali, amma idan niyyarka ka sayo manyan ragowar katako daga Sokoban ka fitar da guntaye da kanka, zai riƙa shaƙewa. A nan sai na inci 10 mai wat 370 zuwa sama, ko na inci 14 mai wat 550 zuwa 750.

Idan akwai wuri a rumfa, tsohon inci 14 mai jikin zubin ƙarfe ya fi sabon inci 9 mai jikin roba nesa ba kusa ba. Gwajin mai sauƙi ne: ɗaure ruwa, ka kama kan injin ka girgiza. Wanda ya lanƙwasa a hannunka ba zai riƙe ɗaurin ruwa ba.

Injin Amurka a wutar Ghana

Wutarmu volt 230 ce, 50Hz. Kayan da aka yi amfani da su a Amurka ko Kanada kan zo da 120V, 60Hz. Wanda ya canza filogi kawai ya jona, moto ya ƙone nan take. Ko da taransifoma mai rage wuta, sai ka nemi wadda ta ninka wat ɗin injin aƙalla sau biyu, saboda wutar da yake ja lokacin tashi. Gudunsa kuma zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, ya riƙa yin zafi da wuri. Na Ingila da Jamus sun dace da wutarmu ba tare da wani ƙari ba. Idan ka kunna moto ya yi gurnani bai juya ba, kashe shi maza: ko wuta ta yi ƙasa, ko kafasito ya mutu, shi kuwa canza shi ba tsada.

Duba makunni ma. Akwai irin da idan wuta ta ɗauke yake kashe kansa, ba zai tashi ba sai an sake dannawa. A garin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ba baƙo ba ne, wannan ya fi fitilar ado da ake liƙa wa wasu injuna amfani, domin wuta kan dawo hannunka na kusa da haƙora.

Ruwa ɗaya ga katako, ƙaho, ƙashi da komai

Ruwan da ke zuwa da sabon inji mai arha yawanci na gwaji ne. Ƙa'idar haƙora ita ce aƙalla uku su kasance cikin abin da ake yankawa a kowane lokaci. Tsaga katako mai kauri yana son haƙora 3 zuwa 4 a inci, masu zurfin gindi da za su kwashe gari. Idan ka sa mai haƙora 14, gari zai cushe, katako ya ƙone baƙi, ruwa ya yi zafi ya karkace. Zagaye siffar ƙota a ɓarin da bai wuce milimita 8 ko 10 ba, wajen haƙora 10 sun fi. Ƙaho, ƙashi da micarta, wato ƙyalle ko takarda da aka daskare da gam, kuwa 10 zuwa 14. Manyan haƙora fizgarsu suke yi, su ɓalle baki.

Faɗi shi ke nuna kwanar da ruwa zai iya sha. Mai milimita 6 zai bi lanƙwasar wurin yatsa, mai 12 ba zai bi ba, sai ya murɗe. Shi kuma siririn ba ya miƙewa sosai wajen tsaga. Mai milimita 10 don tsaga, mai 6 don siffa, sun wadatar.

Katakon tik yana da yashi a jikinsa, odum kuma yakan ɓoye farin dutse a ciki. Duka biyun suna dakusar da haƙora da wuri. G10, wani allo da ake ƙota da shi, ya fi su muni, tunda zaren gilashi ne da aka daskare da gam, guntaye kaɗan sun isa su kashe ruwan talaka. Ware masa tsohon ruwa, ko ka sayi M42, ruwa mai haƙoran ƙarfe mai tauri.

Ƙarfe fa? Banson katako yana gudun mita 700 zuwa 900 a minti, ƙarfe kuwa 25 zuwa 90 yake so. Wannan aikin wani inji ne daban. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne manna ƙota a jikin wuƙa sannan a kawo ta banso don rage gefe: haƙora suna taɓa ƙarfen da aka ba ruwa sau ɗaya, gefe guda na haƙoran ya mutu. Yanke siffar tun kafin mannawa, ka bar rarar milimita 2 wadda za a ci da magagari da sanfefa. Ƙusoshin tagulla kuma zarton ƙarfe na hannu ya ishe su.

Ɓari ɗaya kauri, ɗaya siriri

Nan ne ake zagin inji a ce ba shi da kyau, alhali saiti ne. Cire filogi tukuna. Ɗaure ruwa har sai idan ka tura shi gefe da yatsa bai kauce fiye da milimita 5 ko 6 ba. Juya ƙafar sama da hannu, kana murɗa sukurun baya har ruwa ya zauna a tsakiyar robar. Maƙallan da ke gefen ruwa su matso har takarda ɗaya ce kawai za ta wuce, kuma su tsaya bayan gindin haƙora. Boris na baya ya kusa taɓa bayan ruwa, kada ya juya sai ana yanka. Sauke maƙallin sama ya rage kamar milimita 5 tsakaninsa da katako. Barinsa can sama shi ke ba ruwa damar yawo, ya kuma bar haƙora a buɗe. Sa sikwaya tsakanin tebur da ruwa. Idan duk wannan ya yi amma yana janyewa gefe guda, ruwan ya dakushe a ɓangare ɗaya, canza shi. Ka tafi da guntun katako mai tauri wurin saye, a tsaga a gabanka, ka auna ɓarin sama da ƙasa.

Idan an tashi aiki a sassauta ɗaurin, kada robar ƙafa ta lotse.

Riƙe ƙaramin abu da yatsu

Ƙahon sa da ake samowa daga mayanka zagaye yake, ga lanƙwasa. Haƙora suna kama shi sai ya mirgina ya ja hannu ciki. Fafe katako kamar kwami ka kwantar da shi a ciki, ko ka manna shi da gam a jikin allo ka tura allon. Gajeren guntu a tura shi da sanda, ba safar hannu, ba hannun riga mai reto. Idan ramin tebur ya yi faɗi, shimfiɗa siririn filawud ka tsaga shi zuwa tsakiya ka maƙale, don ɓarɓashi kada ya faɗa ya cije ruwa.

Ƙurar ƙashi, ƙaho da G10 tana illa ga huhu, haka ƙurar odum, ta katakon oprono kuma har jiri da haɓo take sawa. Takunkumin N95 ko FFP2 ake sawa, ƙyalle ba ya tarewa.

Tsaga ɗanyen katako

Ɓarin da aka tsaga daga ɗanyen katako a damina zai bushe ya kantare da hunturu ya shigo, ya ja baya daga jikin ƙarfe, jini da ruwa su riƙa shiga tsakani. Shafa wa bakin guntayen kakin kyandir ko fenti, ka jera su a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, kana ɗora ɗaya a sikeli duk mako har nauyinsa ya daina raguwa. Sannan ka tsaga da rarar milimita 2 a kan kaurin da kake so, ka haɗa ɓari biyun da roba yadda suka fito, su kwana bakwai kafin a goge a manna.