Darasi na 9: Karanta Gejin Bakum da Inci da Milimita

Kafin mai gyaran firij ko esi ya ɗura gas, sai ya haɗa famfo ya zuƙe iskar da ke cikin bututu. Wannan shi ne jan bakum. To amma geji, wato ma'aunin da ke nuna yadda bakum ya kai, ba iri ɗaya ba ne. Wanda aka sayo a kasuwar Abossey Okai ta Accra yana iya zama na Amurka mai inci, na maƙwabcinka a unguwar Nima kuma mai milimita. Masta ya ce wa yaronsa, "Ja shi ya kai talatin," yaro ya duba gejinsa ya ga 760, sai ya rasa abin yi.

Duk awo ɗaya ne. Iskar da muke ciki tana da nauyi, kuma a bakin teku, kamar nan Accra, nauyinta yana ɗaga zaiba a cikin bututun gilashi har inci 29.92, wato milimita 760. Shi ya sa a jikin geji ake rubuta inHg ko mmHg. Hg ɗin nan alamar zaiba ce.

Inci ɗaya milimita 25.4 ne. In kana da inci kana son milimita, ka ninka da 25.4. Inci 20 sau 25.4 ya ba ka 508. In milimita gare ka, sai ka raba da 25.4. Bari wayarka ta yi lissafin, ba abin kunya ba ne. Wasu geji kuma kPa suke nunawa, kilofaskal ke nan. Inci ɗaya kusan kilofaskal 3.4 ne, saboda haka inci 20 ya zama 68.

Yanzu ka natsu, don a nan ake yawan asara. Geji mai allura yana ƙirga iskar da ka fitar, lamba tana hawa daga sifiri. Gejin maikron kuwa yana ƙirga wadda ta rage a ciki, lamba tana sauka. Milimita ɗaya maikron 1,000 ne. A Accra, in allura ta tsaya a kan inci 29, ido zai ce aiki ya ƙare. Amma saura 0.92. Ninka shi da 25.4, ka ga milimita 23 da ɗan ɗori, wato sama da maikron 23,000. Abin da ake so kuwa a kai wajen maikron 500. Da wannan laimar tamu ta bakin teku, danshin da aka bari a ciki shi ne zai daskare ya toshe siririn bututu, ya lalata man kwamfuresa, wato injin da ke tura gas, mai firij ya dawo da fushi. Allura ba za ta taɓa bambance maka 500 da 5,000 ba. A ganina duk shagon da ke da hali ya sayi gejin maikron, ko da haɗa kuɗi za a yi.

In aiki ya kai ka Kumasi, kada ka zargi famfonka. Garin yana kan tudu, wajen mita 250 sama da teku, don haka allura takan tsaya kusa da 29 komai kyan famfo.

Ɗauki littafinka ka gwada: inci 15 milimita nawa ne? Milimita 635 inci nawa ne? Inci 10 kilofaskal nawa ne? Ka nuna wa malam amsarka, gobe kuma wanda yake da geji ya zo da shi aji.