Sate kambing: kurakuran da ake yi wajen gashi da ci

Sate kambing shi ne tsiren mutanen Indunusiya da Malesiya: naman akuya ko na tunkiya, a yanka shi ƙanana, a soke a tsinken gora, a gasa kan garwashi. Mutane da yawa a can suna gudunsa, wai naman akuya ne ke kawo hawan jini. An ɗora wa naman laifin da ba nasa ba. Giram 100 na gasasshiyar tsokar akuya kitsensa bai wuce giram 3 ba, ga furotin kusan giram 27, ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

Matsalar tana cikin abin da ake haɗa shi da shi. Masu gashi kan saka gutsuren kitse tsakanin tsoka da tsoka, a birnin Solo na Indunusiya kuma akwai sate buntel, nikakken nama da ake naɗewa da kitse gaba ɗaya. Sai kecap manis, baƙin romon waken soya mai kauri da sukari da gishiri, wanda ake shafawa lokacin gashi, a sake kwararawa a faranti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a yini. Mai hawan jini ya roƙi mai gashi ya cire kitsen, a zuba masa romon a gefe ya riƙa dangwala kaɗan. Ɗanyar albasa, tumatir da kabejin da ake kawowa tare kuwa, a cinye su.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ƙona naman. Sukarin romon yana saurin ƙonewa, kitse na ɗiga kan garwashi, hayaƙi ya taso ya manne wa naman da sinadaran da ake alaƙantawa da cutar daji. Masu tsire a nan gida ma ya shafe su. A bari harshen wuta ya mutu tukuna, a riƙa juyawa, a shafa romon daf da saukewa, a yanke wurin da ya yi baƙi. In naman tauri ne da shi, a naɗe shi da ganyen gwanda kafin gashi, ba sai ya daɗe a wuta ba.

Wanda ya ci tsinke goma kuma, kada ya bi shi da gulai, miyar akuya mai madarar kwakwa, a zama ɗaya.