Yadda za ku yi nazarin gosulon hanyar Nyanya zuwa Masaka da kanku

Duk wanda ke kwana a Mararaba ko Ado ko Masaka yana aiki cikin Abuja ya san fitar duku-duku. Wasu ma sallar asuba sai sun isa Nyanya ko shataletalen AYA da ke Asokoro suke yinta, don in ka yarda rana ta fito maka a gida to tafiyar da bata wuce ta rabin awa ba sai ta cinye maka awa biyu ko fi, ka isa wajen aiki a gajiye tilis tun baka fara komai ba. Kuma kullum in an zauna a majalisa magana ɗaya ce, gwamnati ta faɗaɗa titi, gwamnati ta yi gadar sama. Ni dai abinda na gane a shekarun da na yi ina bin hanyar nan shine dukkanmu mun san zafin gosulon amma kaɗan ne suka san takamaiman inda yake farawa, kuma wanda bai riƙe bakin zaren ba ko gaban injiniya ya je ko ɗan majalisa, kuka kawai zai yi a ce masa an ji za a duba. Shi yasa nake so in nuna yadda mutum 8 zuwa 10, ko ƙungiyar unguwa ce ko ɗalibai ko matasan masallaci, za su auna hanyar da kansu da biro da takarda da wayar hannu.

Kafin ku fita ku fara fahimtar ciwon hanyar. Asalinta hanyar matafiya ce, wadda ke kai mutum Keffi ya wuce Akwanga, daga can ko Jos ko Lafiya da Makurdi. Tunda gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991 haya ta gagari ƙaramin ma'aikaci a cikin birni, ga rusau da aka sha tsakanin 2003 da 2007, sai jama'a suka yi ta kwarara ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, garuruwan suka haɗe da juna a bakin titi tun daga Mararaba har Masaka da gaba. Yanzu titi ɗaya ke aiki biyu, tirelar da ta taso daga nesa tana son gudu, mai kayan miya kuma tana son tsallakawa da tire a kai. Duk abinda za ku ƙirga yana komawa ne kan wannan rikicin.

To matakin farko ku yanki guntun da za ku iya. Kada ku ce za ku ɗauki AYA har Keffi, ba za ku gama ba. Ku ɗauki kilomita 2 ko 3, misali daga gadar Nyanya zuwa cikin Mararaba, ku taka shi a ƙafa ranar Asabar da safe kuna zana taswira da hannu a babbar takarda. Ku saka duk mahaɗa, duk wajen juyawa, duk inda motocin haya ke lodi ko da ba tasha bace, gidajen mai, bakin kasuwa, makaranta, masallaci da coci, gadar masu tafiya a ƙasa, ramuka, inda kwata ta toshe ruwa ke kwanciya, inda aka jibge shara a tsakiyar titi. Wannan taswirar ita ce uwar aikin, komai a kanta za a ɗora.

A ranar kuma ku je ku gaida mai unguwa, ku sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa da shugabannin direbobi na tasha abinda kuke yi. Kada ku raina wannan. Tun bayan bam ɗin tashar Nyanya na Afrilun 2014 mutumin da aka gani tsaye a bakin titi yana rubuce-rubuce yana ɗaukar hoto dole a zarge shi, kuma da gaskiyar masu zargin. Wajen bariki da shingen sojoji kuwa kada ma ku ciro waya. Ku samu rigunan nan masu ƙyalli ku saka, ku tsaya can gefe ko saman gada, ban da tsakiyar titi.

Sai ƙirgar motoci. Ku zaɓi Talata ko Laraba ko Alhamis, ban da Litinin da Juma'a don su halinsu daban ne, ban da lokacin hutun makaranta ko satin sallah ko Kirsimeti. Da safe daga ƙarfe 5:30 zuwa 9:30, da yamma daga 4 zuwa 8. Mutum biyu a kowane hannu, ɗaya na ƙirga ƙananan motoci, ɗayan na ƙirga bas da tirela da tanka da tifa da keke da acaɓa kowanne da layinsa a takarda. Ana yin sanda-sanda ne, huɗu a tsaye ta biyar ta ratsa su, duk minti 15 a ja layi a fara sabo. In motocin sun fi ƙarfin ido a kafa waya a saman gada ta ɗauki bidiyo a ƙirga a gida a natse. Ku maimaita aƙalla kwana uku, don rana ɗaya tana iya yaudararku, wata tifa ce kawai ta lalace ranar.

Ga wani abu da zai iya rikita ku, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Lokacin da gosulo ya yi tsanani za ku ga adadin motocin da ke wucewa ya ragu, ba ƙaruwa ya yi ba, saboda abinda kuke ƙirgawa waɗanda suka samu suka fice ne, ragowar suna can baya a jere. Don haka dole mutum ɗaya ya hau acaɓa duk rabin awa ya je ya ga inda wutsiyar layin ta kai ya rubuta, yau ƙarfe 7 tana gaban gidan mai kaza, 7:30 ta kai kaza. Mafi muhimmanci kuma ya nemo kan layin, wato daidai wurin da in ka wuce shi titi ke buɗewa direba ya taka mota. Wallahi in kun samo wannan wurin kun yi rabin aikin. Ku tsaya nan awa guda cur kuna kallo kawai. Sau da yawa abinda za ku gani bai taka kara ya karya ba a ido, motocin haya ne uku huɗu suka tsaya a kan titi kwandasta na kiran fasinja, ko masu talla sun ci hannu guda, ko masu juyawa sun tare hannun masu gudu, ko rami ne kowa ke kauce masa, ko kuma titin ne mai layi uku ya tsuke ya koma biyu.

Ku duba lissafin nan ku ga yadda ƙaramin abu ke zama babba. Injiniyoyi na ɗaukar cewa layi ɗaya na titi mai kyau, in ba abinda ya tare shi, yana iya wuce da ƙananan motoci kusan 1,800 zuwa 2,000 a awa. A ce misali wurin da ya tsuke yana iya fitar da mota 3,000 a awa, masu zuwa kuma 3,300 ne. Bambancin 300 ne kacal, amma in ka jera su layi biyu kowacce ta ci mita 7, awa ɗaya ta haifar da layin da ya haura kilomita guda, awa uku kilomita uku. Kaga kenan ba sai an ninka faɗin titi ba, in aka kawar da abinda ke cin wannan ɗan kason layin ma ba zai taru ba.

Lokacin tafiya shi ma a auna shi, mai sauƙi ne. Mutum ya shiga motar haya kamar kowa, ya rubuta lokacin da ya wuce kowace alama a taswirar, sau ɗaya cikin gosulo sau ɗaya ranar Lahadi da sassafe. Bambancin shine abinda hanyar ke ci a rayuwar mutum kullum.

Yanzu maganar rai, wadda a wajena ta fi gosulon nauyi. Gosulo lokaci yake ci, amma in titi ya buɗe da dare ko da tsakar rana sai gudu ya ci mutane. Ku auna mita 100 a wurin da ba cunkoso, ku yi alama a farko da ƙarshe, ku riƙa danna agogon waya kuna ganin sakan nawa mota ke yi. Sai ku raba 360 da adadin sakan ɗin, abinda ya fito shine gudunta na kilomita a awa. Sakan 6 gudun 60 kenan, sakan 4 gudun 90. Ku yi wa mota 100 ku jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba, ta 85 ita injiniyoyi suka fi dubawa. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ce ƙaramar mota 50 a cikin gari, 100 a babbar hanya ta esfires, to tambayar da takardarku za ta yi ita ce Mararaba gari ce ko daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in gudun mota ya tashi daga 50 zuwa 65 haɗarin mutuwar wanda ta buge a ƙasa yana ninkuwa sau huɗu da rabi.

Ku ƙirga masu tsallaka titi ma, nawa suka hau gada nawa suka ratsa ta ƙasa, kuma kada ku tsaya a cewa mutanenmu basa jin magana. Ku tambaye su. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, mai turin baro, mai ciki, wadda ke tsoron 'yan ƙwace a saman gada da dare don ba fitila, kowa da dalilinsa, wani lokacin ma gadar ce aka gina nesa da inda motoci ke sauke mutane.

Bayanan haɗurra ku rubuta takarda ku nema a ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, wadda ke wannan aikin tun 1988, da wajen 'yan sanda masu kula da hanya. Amma ba duk haɗari ke shiga littafi ba, da yawa a wurin ake sasantawa a kai mutum asibiti a keke. Don haka ku zauna da mai faci da mai shayi da 'yan acaɓan da ke tsayawa a mahaɗa, su ne suka ga komai. Duk haɗarin da mutum biyu suka tabbatar ku ɗiga masa jan biro a taswira, da lokacin da ya faru da irin motar, ban da sunan kowa. Inda jan ya taru nan ne wurin da ke cin mutane. Gangaren Kugbo zuwa gadar Karu kowa ya san yadda manyan motoci ke tsinke burki a wurin, kuma wanda ya ga gobarar da ta tashi kusa da gadar a watan Maris na 2025 har yau bai manta ba. Lambar gaggawa ta FRSC 122 ce, kowa a cikinku ya ajiye ta.

In kun gama tattarawa sai ku zauna ku haɗa kowace matsala da maganinta, ku fara da mai araha. Masu lodi a kan titi a yi musu wajen tsayawa a gefe da shinge, kuma a sa shi inda fasinja ke taruwa, in ba haka ba ba wanda zai shiga. Masu talla a nemo musu wuri kafin a tashe su, don korar banza kwana uku take yi, mutum ba zai bar abincinsa ba. Wuraren juyawa da suka yi yawa a rufe wasu a gyara sauran. A yashe kwata kafin damina, a cike rami, a gyara fitilun titi, a sa shinge a tsakiya daidai inda akwai gada, a ware wa tirela da tanka lokacin da ba za su shigo ba da safe. Sai matsakaici, ƙaramin titi a gefe don masu shiga shaguna da unguwanni su daina faɗowa babban titi ta ko'ina, da wata hanyar daban ta shiga Abuja irin ta Apo zuwa Karshi da aka daɗe ana jira.

Faɗaɗa titi da gadar sama ni ban ce kada a yi ba, akwai mahaɗar da ba ta da wani magani sai su. Amma an sha gani a biranen duniya, in aka ƙara layi sai wanda da yake hawa bas ya sayi mota, wanda ke neman fili ya matsa gaba can Kuchikau da Auta Balefi, bayan 'yan shekaru titin ya sake cika. Shi yasa a cikin ƙirgarku ku lura da mutum nawa ke cikin kowace mota. Doguwar bas ɗaya na ɗaukar mutanen da ƙananan motoci goma ko fi ke ɗauka, kuma Legas ta ware wa irin waɗannan bas layinsu tun 2008 daga Mile 12 zuwa CMS. Wannan shawarar ku saka ta ko da kuna ganin ta yi nisa.

Rahoton kada ya wuce shafi huɗu ko biyar, taswira, jadawalin ƙirga, hotuna kaɗan, sai buƙatu uku kawai da za a iya yi cikin wata shida. Ku san kuma ƙofar da za ku ƙwanƙwasa, titin na gwamnatin tarayya ne don haka ma'aikatar ayyuka da FERMA, hukumar gyaran titunan tarayya, ke da shi, ɓangaren Nyanya akwai hukumar birnin tarayya, daga iyaka zuwa Masaka kuma maganar tasha da kasuwa da shara ta gwamnatin Nasarawa ce da ƙaramar hukumar Karu. Ku kai wa kowa kwafi a buga muku hatimin karɓa a naku, ku ba ɗan majalisarku da gidan rediyo. Takardun ƙirgar na asali ku adana su wajen mutum ɗaya, don in an yi wani gyara, bayan wata shida za ku koma wurin nan dai, rana irin wannan, lokaci irin wannan, ku sake ƙirgawa ku ga inda wutsiyar layin ta tsaya.