Yadda Ake Gwada Haɗin Bagaruwa da Antibayotik a Ɗakin Gwaji

Abin da ake son ganowa shi ne ko tsimin tsiro zai dawo wa magani da kaifinsa bayan ƙwayar cuta ta daina jin sa. Mu ɗauki bagaruwa da maganin antibayotik oksasilin, a kan ƙwayar cutar Staphylococcus aureus mai bijire wa maganin metisilin. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, kada wani ya haɗa wa majinyaci a gida.

A shanya 'ya'yan bagaruwa a inuwa, a daka, a tankaɗe. A jiƙa giram 100 cikin mililita 500 na itanol mai ƙarfin kashi 70, a bar shi awa 72 ana girgizawa. A tace, a ƙafar da ruwan a zafin da bai wuce digiri 40 na Salsiyas ba. Abin da ya rage a narkar da shi da DMSO, wani ruwan sinadari mai narkar da abubuwa, amma kada DMSO ɗin ya haura kashi 1 cikin ɗari a kowane ramin farantin gwaji, don in ya yi yawa shi zai takura ƙwayar, yabo ya tafi ga tsiro.

A faranti mai rami 96 a zuba romon Mueller-Hinton, wato ruwan abincin da ake renon ƙwaya a ciki, da gishiri kashi 2 cikin ɗari. Ana rage ƙarfin oksasilin rabi-rabi daga hagu zuwa dama, na tsimin kuma daga sama zuwa ƙasa. A daidaita ƙwayar da ma'aunin McFarland 0.5, wato ma'aunin gurɓacewar ruwa da ke nuna yawan ƙwaya, a tsarma ta har ta kai kimanin 500,000 a mililita, sannan faranti ya yi awa 24 cur a digiri 35.

Wurin karatu ne aiki ya fi lalacewa. Sinadarin tanin da ya sa majema ke jima da bagaruwa yana daskarar da furotin na romon, sai rami ya gurɓace tamkar ƙwaya ta tsiro. Dole a ware layi guda mai tsimi kaɗai, babu ƙwaya. A ɗiga risazurin, wani shuɗin rini: inda ƙwaya ke raye, shuɗi ya koma ruwan hoda. In layin da babu ƙwaya ma ya sauya launi, tsimin ne ya juya shi, sai a shuka ramukan a kan aga, wato daskararren abincin ƙwaya, don tabbatarwa.

Lissafi da MIC ake yi, wato mafi ƙanƙantar adadin da ya hana ƙwayar tsirowa. A ce na oksasilin ya sauko daga 64 shi kaɗai zuwa 8 a haɗe da tsimi, rabon 8 da 64, wato 0.125 ke nan; na tsimi daga 512 zuwa 128, wato 0.25. Jimla 0.375. Daga 0.5 zuwa ƙasa suna ƙarfafa juna, sama da 4 kuwa ɗaya na kashe ƙarfin ɗaya. A maimaita a ranaku uku da tsimi guda, domin yawan tanin na canzawa da wuri da lokacin tsinka.