Yadda iyalin Kirista za su nemi magani tare in shaye-shaye ya kama ɗaya daga cikinsu

Yawancin iyalan da na ga sun fara wannan tafiya, tunaninsu ɗaya ne, wai a kai yaron a gyara musu shi su dawo gida su huta. Su ne kuma suke fara gajiya. Shekarun da aka yi ana ɓoye kuɗi, ana yi wa dangi ƙarya, ana faɗa da tsakar dare sun canza kowa a gidan, shi ya sa uwa da uba, mata ko miji, har yara ma kowa na da kujerarsa a gaban mai ba da shawara.

Farko dai a ga likita. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum ko ƙwayoyin barci irin su diazepam, in ya yanke lokaci guda yana iya kamuwa da jijjiga, ruɗewa da gane-gane cikin 'yan kwanaki, wani ma har ya rasa ransa. Saboda haka kulle shi a ɗaki a ce za a yi azumi da addu'a har abin ya fita, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ku yi addu'ar sosai, amma likita ne zai tsara yadda za a rage.

Sai neman wanda zai jagoranci zaman. Fasto na da wurinsa babba, sai dai ba kowane fasto ne ya koyi wannan aikin ba, ku nemi wanda ya yi karatun ba da shawara kuma yake girmama bangaskiyarku, faston ya tsaya a gefe yana kiwon zukatanku. Ku tambayi mai ba da shawarar ko ya san tsarin CRAFT, hanyar koya wa iyali yadda za su jawo mashayi ya shiga magani, wanda Robert Meyers da abokan aikinsa suka tsara a Jami'ar New Mexico ta Amurka. A binciken da aka buga a 1999, iyalan da suka bi shi sun shawo kan mashayin ya shiga magani a kashi 64 cikin 100, waɗanda aka shirya su taru su tsare shi da magana kuma kashi 30. In kuɗin zama ya yi muku nauyi, gara a riƙa zuwa bayan sati biyu da a daina gaba ɗaya. Tarukan Al-Anon na dangin mashaya, da aka kafa a 1951, ba a yanka kuɗin shiga, akwai kuma Celebrate Recovery, tarukan Kirista na masu neman barin shaye-shaye da makamantansu, da aka fara a cocin Saddleback ta Amurka a 1991, in akwai su kusa da ku.

Zaman farko a yi shi ba tare da mashayin ba. Wannan babu ciniki a kansa. Kowa ya faɗi gaskiya, wa ke ba shi kuɗi a ɓoye, wa ya biya bashin da ya ci, wa ke kiran wurin aikinsa ya ce ba shi da lafiya.

To nan ne inda ake faɗuwa, daina rufa masa. Uwa za ta ce ai Littafi Mai Tsarki ya ce mu ɗauki nauyin juna, gaskiya ne yana nan a Galatiyawa 6:2, amma ku gangara aya ta 5 za ku ga an ce kowa zai ɗauki nasa kayan. Ciwon, tsoron, neman magani, ku ɗauka tare da shi. Bashin mai sayar masa da kaya da kunyar abin da ya yi jiya nasa ne. Ku duba uban nan na Luka 15, bai bi ɗansa da kuɗi zuwa ƙasar da ya tafi ba, yaron ya ji yunwa har ya dawo hayyacinsa, amma da ya hango shi daga nesa sai ya ruga ya rungume shi. Mutane sukan riƙe rabi ɗaya, ko dai taurin kai ko dai tausayi, alhali duka biyun ake so.

Ku sa doka ƙarama wadda za ku iya tsayawa a kanta. Abinci eh, kuɗi a hannu a'a. In ya shigo a buge ba a wa'azi ba a gardama, kowa ya tashi, a bari sai safe. Ranar da ya wuni garau a zauna da shi a yi hira a nuna masa an ji daɗi, wannan ɓangaren ne ake mantawa don zuciya ta riga ta yi tauri. Kada ku ce "za mu kore ka" in kun san ba za ku iya ba, sau ɗaya ya gane barazana ce kawai shikenan maganarku ta mutu. Kuma mutum ɗaya da ke zura masa kuɗi ta bayan fage ya isa ya rushe aikin mutum biyar. In kuwa kun same shi a sume, ku kwantar da shi ta gefe ku kai shi asibiti, babu maganar dokar gida a nan.

Ranar zama da shi, mutum uku ko huɗu sun isa, ni ban son taron dangi. A zaɓi lokacin da bai sha ba. Kowa ya faɗi abin da ya gani da yadda ya ji, "na tsorata da ba ka kwana gida ba" ya fi "ka zubar mana da mutunci a coci". Kada a mai da ayoyi bulala. A tabbata an riga an karɓi ranar ganin likita, don in ya ce to, a tafi kafin ya canza ra'ayi.

In akwai duka, matar da yara su bar gidan tukuna, yafiya ba ta hana mutum tsira da ransa.

Bayan ya fara magani ku ci gaba da zuwa naku zaman. Komawa ruwa na faruwa ga kashi 40 zuwa 60 cikin 100, ku tsara tun yanzu wa za a kira. Mai shan kodin, tramol ko hiroyin in ya daina na ɗan lokaci jikinsa ba ya ɗaukar yawan da ya saba, don haka ku tambayi likita game da naloxone, maganin da ke farfaɗo da wanda ya sha irin waɗannan fiye da kima, a ajiye a gida.