Yadda na raba cittata da fumfuna a damina

Tun shigowar Agusta busasshiyar citta 'yar Kachia da nake haɗa maganin sanyi da ita ta fara yin kore-kore tana warin damshi. Na canja buhu, a banza. Wani ya ce in goge ta in dafa, ban yarda ba, domin tafasa ba ta kashe gubar aflatoksin da irin wannan fumfuna ke fitarwa, kuma hanta take ci sannu a hankali.

Ashe simintin shagon ne ke tsatso ruwa. Allah ya saka wa maƙwabcina da ya ɗaga buhun ya nuna min gindinsa jiƙe sharkaf.

Buhun da ya kama duka na ƙone, ko awaki ban ba su ba, don gubar na bi ta nono. Sabuwar cittar na yanka sirara, na shanya a raga bisa benci daga hantsi zuwa la'asar, in kwashe da zarar hadari ya taso. Sai ta karye ƙas, ba lanƙwasa ba, sannan ta shiga kwalba mai murfi. Buhuna suna kan katako, nesa da bango da taƙi guda. Gari kuwa, na sati ɗaya kawai nake dakawa.