Gasaya: Kurakuran da ke sa mai shuka ya yi asara

Gasaya ba ta taɓa buƙatar a shuka ta ba. Da ruwan farko ya sauka sai ta fito da kanta a bakin garke da bayan danga, mata su tsinka su yi kwaɗo. Yanzu maganin feshi yana share ta tare da sauran ciyayi, don haka mai son ta sai ya ware mata fangali kamar alayyafo. A nan ne ake ta tafka kuskure.

Wasu tun wurin gane ta suke ɓata. Gasaya, wadda masana tsirrai ke kira Cleome gynandra, tana da ganye mai yatsu, galibi biyar, kamar tafin hannu a buɗe. Furenta fari ne, da dogayen zaruruwa masu launin shunayya da ke miƙowa waje, jikinta kuma yana da ɗan gashi da wari mai ƙarfi. Akwai 'yar uwarta mai kama da ita wadda furenta rawaya ne, jikinta na manne wa yatsa sosai. Idan kana shakka, bar tsiro ɗaya ya yi fure kafin ka ɗebi iri.

Babbar matsala ita ce iri. Mutum zai ɓare kwanso yau, ya yayyafa gobe, ya zuba ido mako biyu bai ga komai ba, sai ya ce irin ya mutu. Bai mutu ba, barci yake. Sabon irin gasaya ba ya tsira da kyau sai ya yi watanni a ajiye, shi ya sa wanda aka tara a ƙarshen damina ya fi dacewa da damina mai zuwa. A tsinke kwanson idan ya koma rawaya, domin in ya bushe a jikin uwar fashewa yake ya zubar da 'ya'yan. A ƙarasa busar da shi a inuwa, a zuba a kwalba mai murfi. Wajen shuka kuwa, ƙwayar ƙarama ce, kada zurfin ya wuce santimita 1. Gauraya ta da yashi yana sa ta bazu daidai. Irin da ya huta yakan fito cikin mako guda.

Dasawa ma tana wahalar da ita, saboda doguwar saiwa ɗaya take sokawa ƙasa, in ta tsinke tsiron ya daɗe bai farfaɗo ba. Shuka ta inda za ta zauna, bayan mako 3 ka rage cunkoso, wanda ka cire kuma ya tafi tukunya. Ba ta son inuwa ko inda ruwa ke kwanciya, amma tana son ruɓaɓɓen takin dabbobi ƙwarai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ganin fangali ya cika da fure. Gasaya tana saurin fure, kuma da ta fara, ganyen zai ƙanƙance, ɗacin ya ƙaru. A riƙa tsinke kan da zarar ya nuna alamar fure, sai ta yi rassa ta ba da sabon tofo na tsawon makonni. Tsiro biyu ko uku kawai za a bari domin iri.

A madafa, tsoron ɗaci kan sa a dafa ta har ta yi lugub, a zubar da ruwa sau biyu ko uku. Ganyen yana da sinadarin ƙarfe da bitamin A da C, kuma na C ɗin yana bin ruwan ya tafi. A zaɓi ɗanyen tofo, a tafasa sau ɗaya, a matse, ƙuli-ƙuli da albasa su rufe sauran ɗacin. A yammacin Kenya da madara suke tausasa shi. Mai ajiya domin rani ya shanya a inuwa mai iska, don rana tana dusar da koren.

Wadda ta fito a kan juji ko bakin kwata, ko a gefen gonar da aka yi wa feshi, a bar ta, komai kyan ganyenta.